Yadda ake ɗora wa BMW 328i kwampuresa a zafin Garwa ba tare da an kashe inji ba

Duk wanda ya taɓa taka totur ɗin motar da ke da kwampuresa ya san wannan kukan siririn da ke tashi daga ƙarƙashin bonet, da yadda kujera ke riƙe bayan mutum tun daga ƙananan giya. Shekaru na yi ina wannan aiki a garejin bayan gidanmu a Garwa, don sha'awa kawai, kuma motar da na fi sanin cikinta ita ce BMW 328i mai ƙofa huɗu, ƙirar E36 da aka yi daga 1995 zuwa 1998. Injinta M52 ne, silinda shida a jere, lita 2.8, ƙarfin doki 193. Da ita zan yi maka bayani, ƙanena, amma yawancin abin da zan faɗa ya shafi kowace mota mai shan fetur.

Abin da kwampuresa ke yi bai da wuyar fahimta. Bel ne ke juya shi daga inji, shi kuma ya tura iska fiye da wadda injin zai iya zuƙa da kansa. Iska ta ƙaru, ka ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Matsalar ita ce iskar da aka matse zafi take yi. A Jamus, inda aka ƙera motar, suna farawa da iska mai sanyi da fetur mai kyau. Mu a watan Maris da Afrilu muna farawa da iskar da ta haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga man bakin hanya. Don haka duk aikin nan da zan jera maka, kashi uku cikin huɗu nasa yaƙi da zafi ne.

Kayan da za ka tanada

Kwampuresan da nake amfani da shi Eaton M62 ne, wanda ake cirowa daga Mercedes C230 Kompressor ƙirar W202. Yana tura kusan lita ɗaya na iska a kowane juyi. Ana samunsa a wajen masu sayar da kayan Beljiyam a Duwala, a sako maka shi a jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, ko ka aika kasuwar Ladipo a Legas ya biyo ta Yola. Kada ka yarda a ba ka M45 na C200 a ce duk ɗaya ne, ya yi wa lita 2.8 ƙanƙanta.

Bayan shi kana buƙatar intakula, wato lagireton sanyaya iska, da bututun alminiyam mai faɗin milimita 60 zuwa 63, da tiyon silikon da maɗauransa masu ƙarfi. Sai bawul mai mayar da iska baya, injekta shida masu zuba cc 380 zuwa 440 a minti, famfon mai irin Walbro 255, filogi shida NGK BKR7E, bel mai layi shida da fulin tallafi ɗaya ko biyu, farantin ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10, da ƙaramin gwangwanin tara tiririn baƙin mai.

Agogo biyu wajibi ne: na matsin iska, da na haɗin mai da iska mai faɗin awo, irin na AEM ko Innovate. Idan kuɗinka bai kai ga wannan na biyun ba, ajiye aikin sai ya kai. Sai ma'aunin matsin silinda, sifana mai awon ɗauri, ma'aunin kaurin ƙarfe, kwamfutar hannu, da wayar da ke shiga zagayayyen soket mai ƙafa 20 da ke cikin ɗakin inji. Ka kuma nemi mai walda da mai injin yanka ƙarfe waɗanda ke aiki da awo, ba da ido ba.

1. Auna lafiyar inji kafin ka sayi komai

Ɗumama injin, cire filogi duka, taka totur har ƙasa, ka auna kowace silinda. Ina son in ga bar 11 ko sama da haka, kuma kada bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Wannan awo ya fi muhimmanci a wannan mota fiye da sauran, domin M52 da aka sayar a Turai kafin 1998 jikin alminiyam gare shi, an shafe cikin silinda da wani sinadari mai suna Nikasil, kuma fetur mai yawan farar wuta yana cinye shi. Motar da ta shekara goma tana shan man kwalba a ƙasar nan, akwai yiwuwar ta riga ta fara. Alamarsa wahalar tashi da safe da rawar jiki idan tana tsaye.

Ka kuma tambayi tarihin motar. Idan ta taɓa tafasa sosai, zaren kusoshin kulas, wato murfin saman inji, a jikin alminiyam yana iya saki, kuma ƙarin matsi na iya ɗaga jwan kulas, wato gasket ɗin da ke tsakanin murfin da jikin inji. Injin da ya faɗi wannan jarrabawa gyara yake so. In kuwa M3 ce a hannunka, mai doki 321, ka bar ta yadda take: silindarta tana matse iska ninki 11.3, ta 328i kuwa ninki 10.2 (wannan daban yake da awon bar na sama), kuma ko wannan ɗin ma a bakin iyaka yake da irin man da muke samu.

2. Sabunta hanyar ruwa gaba ɗaya

A nan E36 take da rauni tun daga masana'anta. Farfelar famfon ruwa ta roba ce a yawancinsu, wuyan lagireto na roba ne, gidan tamostat ma haka, kuma shekaru sun busar da su. Sa famfo mai farfelar ƙarfe, sabon lagireto (na alminiyam zalla in ka samu), sabon murfin tankin ruwa, sababbin tiyo. Gwada kuloc ɗin fanka: idan inji ya yi zafi kuma fankar ba ta hura da ƙarfi har ka ji gurnaninta, ta mutu.

Kuskuren da ya zama al'ada a garejinmu shi ne cire tamostat a jefar, wai don garin da zafi. Kada ka yi. Ƙwaƙwalwar mota tana raba mai ne bisa zafin ruwa, kuma injin da zafinsa ke hawa da sauka ba ya saituwa. Haka nan ruwan rijiya ko na Binuwai zalla yana toshe lagireto da farin ƙasa. Haɗa tataccen ruwan da ake ƙara wa batir (ba asid ba) da ruwan sanyaya inji na gaskiya.

Tunda ka riga ka shiga, sauke kaskon baƙin mai ka duba noti ɗin da ke riƙe haƙorin famfon baƙin mai. A wannan dangin inji yakan kwance idan ana yawan kai shi ƙarshen juyi, kuma in ya faɗi, mai ya tsaya nan take. Ɗaure shi da waya ko a ɗiga masa walda kaɗan.

3. Birki, taya da ƙafa

Wannan ya riga ƙarfi zuwa. Zubar da tsohon man birki ka sa sabon DOT 4, sa takalman birki masu kyau, duba tiyon birki ko sun tsattsage. Faifan gaba na 328i milimita 286 ne. Na E46 330i mai milimita 325 yana shiga, amma sai da rim 17. Karanta lamba huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta na nan, kwaltar Afrilu na iya fasa ta. Canja robobin ƙafar baya, ka leƙa inda gadar baya ta kama jikin mota ko akwai tsaga.

Kada ka sauke motar ƙasa don kwalliya. Hanyar Garwa zuwa Marwa da tudun rage gudu na cikin gari ba su san kwalliya ba, kuma kaskon man alminiyam ne. Ni faranti ma nake ƙara masa a ƙasa.

4. Duba kwampuresa ka lissafa fuli

Juya shi da hannu. Ya juya sumul, ba gogayya, ba wasa. Leƙa ciki: ƙananan karce ba komai, amma rami mai zurfi a jikin gidan yana nufin ya haɗiyi yashi. Zubar da tsohon mansa, mai wari ne ƙwarai, ka zuba man kwampuresa na musamman har bakin ramin. Baƙin man inji ba ya maye gurbinsa. Na Mercedes yana zuwa da kuloc na lantarki a kan fulinsa. Za ka iya ba shi wuta ta rile, wato makunnin lantarki, ya riƙa kamawa da zarar inji ya tashi, ko mai yanka ƙarfe ya yi maka fuli daskararre. Na fi son na biyun, abu ɗaya ya ragu cikin abubuwan da za su iya lalacewa.

Ga lissafin. Inji mai lita 2.8 yana zuƙar lita 1.4 a kowane juyi, domin sai ya juya sau biyu kowace silinda ke cika sau ɗaya. Idan kwampuresa na juyawa sau biyu a kowane juyin inji, yana tura lita 2. Raba 2 da 1.4, ka sami kusan 1.4, wato ƙarin matsi na kusan bar 0.4. Saboda haka auna fulin da ke kan inji, ka sa a yanka na kwampuresa rabinsa: in wancan milimita 140 ne, wannan 70. A juyi 6,500 na inji, kwampuresa na yin 13,000, kuma ni ban yarda M62 ya wuce 14,000 ba.

Bar 0.4 shi ne iyakata a Garwa, kuma zai ba ka doki tsakanin 240 da 260 idan komai ya zauna. Za ka gani a intanet wasu na kai wa 0.6 ko 0.7 da injin da ba a buɗe ba. Fetur ɗinsu da iskarsu ba namu ba ne. Na taɓa biye wa irin wannan, na rage fuli da milimita takwas a motata ta biyu ba tare da na sake saiti ba. Wata biyu ta yi tana ba ni daɗi, ranar wata Juma'a da azahar a watan Afrilu fistin na silinda ta shida ya tsage a gefen zobe. Har yau ina ajiye da shi a kan teburin aiki, kuma duk yaron da ya zo koyo shi nake fara nuna masa.

5. Maɗauri da bel

Ni nakan zaunar da kwampuresa a gefen da akwatin matatar iska take, sama da altanato. Wasu na cire kwampuresan sanyi su sa shi a gurbinsa domin ya fi sauƙi. A garin nan ban ga wanda ya yi haka bai yi nadama ba kafin damina.

Fara yanka siffar maɗaurin da kwali, sannan da katako, sai ka gamsu bonet na rufuwa kafin a taɓa ƙarfe. Ya kama jikin inji a wuri uku aƙalla, kuma kada ko kusa guda ta kama jikin mota, domin inji motsi yake yi a kan robobinsa. Ɗora madaidaicin ƙarfe a fuskar fulin inji ka ga ya haɗu da na kwampuresa. Karkatar milimita ɗaya ta isa ta riƙa cin gefen bel har ya tsinke, kuma wannan bel ɗin shi ke juya famfon ruwa. Sa fulin tallafi yadda bel zai rungumi aƙalla rabin ƙaramin fulin, in ba haka ba zai riƙa zamewa, ka ga baƙin gari a kusa da shi. Don sanin tsawon bel, zagaya da igiya ka auna, ka saya biyu, ɗaya ya zauna a but.

6. Hanyar iska

Jerin shi ne: matata, ma'aunin iska (na'urar da ke ƙirga wa ƙwaƙwalwar mota iskar da ta shiga), kwampuresa, intakula, bakin totur. Bawul mai mayar da iska zai ɗebo daga bututun da ke gaban totur ya mayar tsakanin ma'aunin iska da kwampuresa. Dalili biyu ne. Wannan irin kwampuresa ba ya daina turawa ko ka ɗaga ƙafa, in iskar ba ta sami mafita ba za ta fizge tiyo ko ta wahalar da bel. Kuma iskar da ma'auni ya riga ya ƙirga, idan ka fesar da ita waje don jin ƙarar nan da samari ke so, ƙwaƙwalwa za ta zuba man da babu iskarsa, mota ta riƙa mutuwa a mahaɗar hanya.

Intakula ba zaɓi ba ne a nan. Iska mai digiri 42 idan ta bi ta cikin M62 tana fitowa dab da digiri 100. Intakula mai kyau a bayan bamba zai sauko da ita wajen 55 zuwa 60. In ba ka sami na sayarwa ba, na tsohuwar motar gas mai turbo yana yi, ka wanke shi da fetur har ya daina fitar da baƙi, ka toshe bakinsa ka hura masa iska a cikin ruwa ka ga ko yana kumfa. Bar tazara kaɗan tsakaninsa da lagireto, ka toshe gefe da gefe da roba don iskar hanya ta ratsa su duka.

Matata kuwa, ka guji buɗaɗɗiyar nan mai siffar mazurari da ake shafa wa mai. Ƙurar Disamba da Janairu tana ratsa ta, man kuma yana ɓata ma'aunin iska. Matatar takarda babba a cikin rufaffen akwati, mai shan iska daga waje, ita ce daidai, kuma a hunturu ka duba ta kowane mako.

Abu biyu da masu farawa ke mantawa: tiyon numfashin inji da ke komawa cikin manifol (bututun da ke raba iska ga silinda), da ƙaramin bututun tururin tanki. Yanzu da manifol ke ɗaukar matsi, za su riƙa hura iska baya. Karkatar da na farko zuwa gwangwanin tarawa sannan ya koma gaban kwampuresa, na biyun kuma ka sa masa bawul mai hanya ɗaya.

7. Mai da wuta

Sa famfo, sabuwar matatar mai da injekta. Matsin mai a wannan inji bar 3.5 ne, ka tabbatar ƙaramin tiyon da ke zuwa ga mai daidaita matsin yana nan da lafiya, domin ta nan matsin mai ke bin na iska. Filogi BKR7E sun fi na asali sanyi da mataki ɗaya, ka matse bakinsu zuwa milimita 0.7. Da manyan injekta a ciki kada ka tayar da motar sai an yi saiti, mai zai wanke silinda.

Daga yau motar ta rabu da zuwa-zuwa. Man kwalba ba ka san abin da aka gauraya masa ba, kuma tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ko arahar da ake bi ta ragu. Zaɓi gidan mai guda mai yawan ciniki ka lizimce shi. Idan tafiya ta tilasta maka shan na bakin hanya, tuƙa a hankali yadda allurar matsi ba za ta haura sifili ba har ka sake cikawa.

8. Saitin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar motar Siemens MS41 ce, ana iya karanta ta a sake rubuta ta da manhajar RomRaider da abokan aikinta. Matakin farko, kwafe abin da ke ciki ka adana a wuri biyu. Batirin mota ya cika, na kwamfuta ma ya cika, domin in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu ƙwaƙwalwar na iya mutuwa. Idan ba ka iya ba, akwai masu saiti daga nesa: kai za ka tuƙa ka naɗi bayanai ka tura, su gyara su dawo maka da shi. In MS41 ta gagara, ana sa ƙwaƙwalwa mai zaman kanta irin Megasquirt ko ECUMaster, sai dai aikin waya ya fi yawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne na'urar da ke ƙara matsin mai kawai a bar wuta yadda take.

Lambobin da za ka riƙe kaɗan ne. A tsaye da tafiyar gari, agogon haɗi ya nuna 14.7, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai. Idan ka taka har matsi ya shigo, ya sauko tsakanin 11.5 da 12. In ka ga 13 ko sama alhali ƙafarka na ƙasa, ɗaga ta nan take. Ja lokacin da filogi ke ba da wuta baya a duk inda akwai matsi, ka fara da yawa sannan ka riƙa maidowa digiri ɗaya-ɗaya. Ka lura da ma'aunin iska ma: in siginarsa ta kusa bolt 5 ya cika, sai an sa babba an sake koya wa ƙwaƙwalwa shi.

Abokin gabarka ƙwanƙwasa ce, wato mai ya fashe da kansa kafin lokaci. Ƙararta kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, kuma sau da yawa kukan kwampuresa kan rufe ta. Shi ya sa za ka riƙa duba bayanan da ka naɗa ka ga inda ƙwaƙwalwa ke janye wuta da kanta.

Inda ka yi saitin ma yana da tasiri. Ngawundare tana sama da mita dubu ɗaya, iskarta ta fi sanyi kuma ba ta kai ta Garwa nauyi ba. Motar da aka saita a can tana lafiya, ta gangaro dutsen Mbe ta shigo kwarin Binuwai, sai ta fara ƙwanƙwasa. Yi saitinka na ƙarshe a ƙasa, da rana tsaka, da na'urar sanyi a kunne. Wanda ya wuce wannan zai wuce ko'ina har Njamena.

9. Gwaji

Ku zama biyu, kai kana kallon hanya, ɗan'uwanka na kallon agogo da kwamfuta. Nemi fili rufaffe ko hanya miƙaƙƙiya da ba kowa, nesa da ƙauye, domin babur ko garken shanu na iya fitowa daga inda ba ka zata ba. Fara da giya ta uku daga juyi 2,000 zuwa 3,500, ku tsaya ku karanta. In lafiya, ƙara 500. Manyan juyi a giya ta biyu ake gwada su don kada gudu ya wuce ƙa'ida. Kwana uku ko huɗu wannan ke ɗauka a wurina.

Idan juyin inji ya tashi amma mota ba ta bi shi ba, kuloc ne ya gaza, kuma tsoho yakan gaza a makon farko. Giyar hannu ta ZF da ke motar tana jurewa a wannan mataki in ba ka fizgar ta. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka abin da ka canja, kuma takardun mota da na duba lafiyarta su kasance cikakku.

Bayan kilomita 500 na farko, sake ɗaure kusoshin maɗauri da na tiyo, canja baƙin mai, zubar da abin da gwangwani ya tara. Cire filogi shidan ka jera su bisa lambar silinda a kan farar takarda. Launin ƙasa-ƙasa mai haske shi ake so. Wanda ya yi fari fat, ko kake ganin ɗige-ɗige masu ƙyalli a jikin farinsa, silindarsa na ƙwanƙwasa ko injektarta ba ta zuba isasshe, kuma ba za ka sake taka motar ba sai ka gano wanne ne. Daga nan baƙin mai kowane kilomita 5,000, filogi kuma ka sake duba su da zarar zafin Maris ya shigo.